Gonar Lafinta Ba Ta Son Ruwa

"Fure za ki ci?"

Tun watan azumi Anti Ruqaya take jefa wa Sahadatu wannan tambayar, kuma har yau bakinta bai gaji ba. Tana tuƙa tuwo a ɗan kicin ɗinsu na bayan Gate City Boulevard, muciya na tafiya, baki na tafiya.

"Na ce fure za ki ci? Ei, Sahadatu! Namiji da ƙarfinsa, da lasin babbar mota a aljihu, ya je daji ya shuka abin da ko akuya ba ta ci. Wai shi ne kike rama a kansa."

"Anti, lafinta ce fa. Ana yin mai da ita, ana yin sabulu, Turawa har layi suke yi a kasuwar manoma."

"Na san lafinta tun ana goya ki. A kwalba take zuwa, a yayyafa wa mutane ranar Mauludi. Ban taɓa jin an riƙe aure da ita ba ko sau ɗaya, koraa."

Anti Ruqaya ƙanwar mahaifin Sahadatu ce, ita ta tsaya mata a matsayin uwa tun ranar da ta sauka a Amurka tana 'yar shekara sha huɗu. Tana sonta, wannan babu shakka. Sai dai son Anti irin mai yaji ne, sai ya sa ka hawaye kafin ka ji daɗinsa. Kuma ta riga ta zaɓi surukinta: Zakaria, ɗan Kumasi irinsu, mai wurin sayar da motoci a kan babban titi, wanda bai taɓa shigowa gidan hannu rabbana ba.

Daga falo mahaifinta, Alhaji Mashood, ya yi gyaran murya. Sahadatu ta goge hannu ta je ta durƙusa.

"Mutanen Zakaria za su zo da goro ranar Lahadi," ya ce, ba tare da ya ɗaga ido daga carbinsa ba. "Na ce su zo."

"Baba, ka yi mini alkawari."

"Na yi, ban kuma manta ba. Jibi in an sauko daga Juma'a zan je in ga gonar yaron nan. In noma na gani, zan ce noma ne. In wasa na gani, zan ce wasa ne." Sai a lokacin ya dube ta. "Ni ba zan yi miki dole ba. Amma albarkata ba ta bin mai wasa."

Ta san abin da wannan yake nufi. Saurayinta Boukari, mai gonar, ya riga ya rantse mata ba zai ɗaura aure da ita ba sai mahaifinta ya sa albarka, ita ma ba za ta iya ba. Gonar ce kaɗai za ta yi musu magana.

Abin da babu wanda ya sani a gidan shi ne, kwana huɗu ke nan Sahadatu tana cikin fargaba saboda gonar nan.

Boukari ɗan Damagaram ne, shekara bakwai yana jan babbar mota daga jiha zuwa jiha. Da ya gaji da titi sai ya sami 'yar ƙasa eka uku a kudancin gari, can bayan Pleasant Garden, ya dasa lafinta layi goma sha biyu. Bara da ta fara fure ya bi ya yanke shi duka, wai don saiwa ta yi ƙarfi. Bana ce shekarar da zai nuna wa duniya.

Sai ga waya daga gida, mahaifiyarsa ba lafiya. Ranar da zai tafi ya ba Sahadatu makullin ƙofar gonar.

"Sati uku kacal. Ki ɗan riƙa leƙawa in kin samu dama. Kada ki yi mata komai, ba ta son hidima."

Ita kuwa ta ɗauka kara ce, irin ta namijin da ba ya son ya ɗora wa budurwa wahala.

Ranar farko da ta je ta taɓa ƙasar ta ji ta bushe ƙayau, ga tsakuwa a gindin kowace shuka. Zuciyarta ta karye. Wane irin mutum ne zai bar abu mai rai cikin tsakuwa a watan Yuni?

Nan take Kaka ta faɗo mata a rai.

Kaka ce, mahaifiyar Baba, ta raine ta a unguwar Aboabo ta Kumasi bayan rasuwar mahaifiyarta, lokacin Baba yana nan Amurka yana nema. A bayan gidansu akwai ɗan lambu da bai fi tabarma huɗu ba, amma gautansa da ganyen ayoyonsa na miya har maƙwabta suna ci. Kowace asuba in sun idar da salla, Kaka takan ɗaura zani a ƙirji ta kira ta. Kowace shuka a haƙa mata ɗan gurbi kamar kwano, a zuba takin shanu, sannan a ja siririyar hanya daga wannan gurbi zuwa wancan. In ka zuba bokiti ɗaya a sama, ruwan zai bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Sahadatu ce mai gudu tana bin ruwan tana ihu, Kaka na dariya da haƙoranta jajaye na goro.

Shekara goma sha biyu rabonta da ta sa hannu a ƙasa.

Washegari ta roƙi taki wurin wani tsohon Bature mai shanu a kan hanyar, ta ce na lambunta ne. A gida ta ce an ƙara mata shif a gidan kula da tsofaffin da take aiki. Kullum da la'asar tana gonar, ta cire takalmi, tana haƙa gurbi tana jan hanya. Layi huɗu ta gama, waɗanda suke kusa da famfo. In ta saki ruwa ya fara bin gurbin, sai ta ji kamar Kaka na tsaye a bayanta. Wani lokaci har magana take yi mata. Ba ta taɓa jin daɗin ƙasar nan kamar a makonnin nan ba, kuma ko hoto ba ta tura wa Boukari ba, so take ya dawo ya sha mamaki.

Da ganyen ya fara lanƙwasa kai, sai ta ce ƙishi ne. Ta ƙara ruwa. Aka kuma yi ruwan sama kwana biyu a jere.

Ranar Alhamis Boukari ya sauka. Daga filin jirgi gonar ya wuce, ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, idanu sun kumbura.

"Yaya jikin Inna?" ta tambaya.

"Da sauƙi sosai, tana gaishe ki. Me ya same ki?"

Ta matsa gefe kawai.

Layi takwas na sama sun yi shar, shuɗin furen har yana ɗaukar ido, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Layi huɗu na ƙasa kuwa sun yi toka-toka sun kwanta.

Boukari ya taka a hankali. Ya tsuguna, ya kama guda ɗaya, ko ƙarfi bai sa ba ta biyo hannunsa. Saiwar ta yi baƙi, tana wari. Ya daɗe yana kallonta.

"Wa ya ba su ruwa?"

"Ni ce." Kukan da take dannewa ya ɓalle. "Ni ce, Boukari. Kullum. Har taki na sa musu. Na ga sun bushe, na ga tsakuwa, na ce... na ce in ka dawo ka ga sun yi ƙiba."

"Kullum?"

"Kullum. Ka yi mini faɗa, please. Ka zage ni. Kada ka yi shiru haka."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna dirshan a ƙasa da tufafin tafiyarsa.

"Laifina ne. Ce miki na yi ba ta son hidima, ban gaya miki dalili ba. Ita irin icen garinmu ce, Saha. Da ƙishi ta saba. Ƙasar nan kuma ja ce, in ta sha ruwa ba ta sakinsa. Ke kin tashi inda ake ruwa wata takwas, ina za ki sani?"

"Shekara biyu kana wahala a kansu."

"Se pa grab. Ba komai."

"Da komai! Gobe Baba zai zo. Lahadi za a kawo goro." Ta share majina da bakin mayafi. "Mu tuge su yanzu, mu baje wurin. Mu ce ba a dasa komai a nan ba."

"A'a. Gona ba a yi mata kwalliya. Abin da ke nan shi zai gani."

"To zan gaya masa ni ce."

Nan fa ya ɗago da sauri.

"Ki gaya masa me? Cewa sati uku kina zuwa dajin nan ke kaɗai, gonar saurayi, kina ce musu kina wurin aiki? Wa zai yarda ba na nan? Kin san bakin mutane. Kafin Lahadi labarin ya kai Kumasi ya dawo."

"In ka ce kai ne, zai ce ba ka san noma ba. Shi ke nan fa, Boukari. Shi ke nan mun rabu."

"Gara ya ce ban iya noma ba da a ce wani abu a kanki."

"Ni ban yarda ba."

"Ki yarda, don Allah. Abu ɗaya na taɓa roƙonki."

Ta juya masa baya tana kuka, shi kuma yana zaune da mataccen icen a cinyarsa. Haka suka rabu ranar, babu wanda ya ci nasara a kan wani.

Juma'a da ƙarfe uku motar Alhaji Mashood ta tsaya a bakin gonar. Ya fito da farar babbar riga. Anti Ruqaya ta ce ita ba za ta ɓata takalminta ba, amma ko minti biyu ba a yi ba sai ga ta a baya tana ɗage zani, don ba a yin abu babu ita.

Boukari ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su.

Alhaji ya fara da layukan sama. Yana tafe hannu a baya. A tsakiya ya tsaya, ya karyi kai ɗaya, ya murza a tafin hannu ya kai hanci. Sahadatu ta ga ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"Ashe daga nan take fitowa," ya ce a hankali, kamar da kansa yake.

Sannan suka gangara.

"Ei! Ei! Ei!" Anti Ruqaya ta tafa hannu. "Yaya, ka gani da idonka? Maƙabarta ce wannan ko gona?"

"Ruqaya." Kalma ɗaya ya faɗa ta ja bakinta. Ya juya ga Boukari. "Me ya kashe su?"

"Ruwa ne ya yi musu yawa, Baba. Da taki."

"Wa ya ba su?"

"Ni ne. Kafin in yi tafiya na gwada wata dabara, ba ta yi ba."

Sahadatu ta tako gaba. Ta buɗe baki, Boukari ya yi mata wani kallo, ta rufe.

Alhaji Mashood ya tattare rigarsa ya tsuguna. Ya duba gurbin farko. Ya sa yatsa a siririyar hanyar da ta fita daga cikinsa, ya bi ta har gurbi na biyu. Ya matsa gaba a tsugune, ya bi ta zuwa na uku.

"Wannan 'yar hanyar ruwan," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "wa ya koya maka?"

Boukari ya kawar da kai. "A intanet na gani, Baba."

"Intanet ɗin ta taɓa zama a Aboabo?"



"Kowane gurbi bakinsa ya karkata hagu," Alhaji ya ci gaba, muryarsa ta sauya. "Saboda mai shi bahaguwa ce. Ni na fara haƙa mata su ina ɗan shekara shida. In na karkata dama sai ta ja mini kunne." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Ruqaya, zo ki ga hannun uwarmu Mma."

Anti Ruqaya ta matso, ta duba, ta dafe baki da mayafi.

Sahadatu ta zube a gabansa.

"Baba, ni ce. Wallahi ni ce, ba shi ba ne. Shi yana Nijar, ko sani bai yi ba. Ƙarya na yi muku, ba shif aka ƙara mini ba, nan nake zuwa. Ni kaɗai nake zuwa, Allah ne shaidata." Kuka ya sarƙe ta. "Na yi kewar Kaka, Baba. Tun da na zo ƙasar nan ban sami inda zan tuna ta ba sai nan. In na saki ruwa sai in ji kamar tana kirana. Ban san kashe su nake yi ba."

Alhaji ya zuba wa gurbin ido. Kowa a wurin, ban da Boukari, ya san abin da ke cinsa. Shekara tara da suka wuce aka bugo waya cewa Mma ta rasu, lokacin takardunsa ba su fito ba. In ya fita ba zai iya dawowa ba. A falo ya yi zaman makokin uwarsa, da waya a kunne, yana jin ana haƙa kabarinta daga nesa. Tun daga ranar bai sake ambaton sunanta a gidan ba.

"Na ɗauka babu wanda ya riƙe irin haƙan nan nata," ya ce daga ƙarshe. "Na ɗauka ya tafi tare da ita."

Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu, bai share ba. Anti Ruqaya kuwa ta zauna a kan jar ƙasar da atamfarta mai tsada tana kiran "Mma, Mma" kamar ƙaramar yarinya.



Sannan Alhaji ya miƙe, ya dunƙule ƙasa a hannu ya matse. Ta dunƙule kamar tuwo.

"Kana da fartanya? Ba wannan doguwar ta Turawa ba."

"Akwai, Baba. Daga gida na zo da ita."

"Kawo."

Ya cire babbar rigar ya miƙa wa ƙanwarsa, ya naɗe ƙafar wando. Mutumin da shekara ashirin da biyu yana haɗa kujeru a masana'anta a High Point ya sunkuya ya fara tara ƙasa, daga dama, daga hagu, yana juyawa. Kafin a ankara tudu ya tashi har gwiwarsa.

"Kunyarka ta yi ƙasa," ya ce yana haki. "A sama ta ishe ka, don wurin gangare ne. A nan ƙasa ko 'yata ba ta taɓa su ba, wata shekarar ruwan sama zai ci su. Tudu za ka yi, irin na doya. Ubana doya yake nomawa a Ejura, duk damina can ake tura ni. Ka dasa a ƙoƙon tudun, ruwa ya zo ya wuce abinsa."

Boukari ya tsuguna yana kallon tudun, ido waje. "Ban taɓa tunanin haka ba, Baba. Mu can ruwan muke roƙo ya tsaya."

"Yoo. Karɓi, yi in gani."

Boukari ya yi guda ɗaya, ya karkace. Alhaji ya rushe shi da ƙafa. Ya sake, aka sake rushewa. A na uku Alhaji ya zagaya shi sau biyu, ya bar shi a tsaye.

Ya karɓi rigarsa ya saɓa a kafaɗa. Fuskar nan ta koma yadda aka santa, babu wasa.

"Sahadatu, ƙaryar da kika yi mini, ni da ke ne a gida."

"To, Baba."

"Kai kuma. Ka dubi tsabar idona ka yi mini ƙarya."

Boukari ya sunkuyar da kai. "Na yi, Baba."

"Ka san in na yarda da ita ka rasa yarinyar nan?"

"Na sani."

"Amma ka yi."

"Na yi. In aka sake, ina jin zan sake. Ka yafe mini."

Anti Ruqaya ta farfaɗo, tana kaɗe zani. "Yaya, mu dai mu tafi. Akwai cefanen Lahadi, mutanen Zakaria ba su san duk wannan ba."

"Na sani. Na ce su zo, kuma ba na janye magana."

Sahadatu ta ji duniyar ta yi mata duhu. Ta dubi Boukari, shi ma ita yake kallo, fartanya na hannunsa, leɓensa na motsi babu sauti.

Alhaji Mashood ya nufi mota. Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya ciki, sannan ya waiwayo.

"Yaro, kana da manya a garin nan?"

"Akwai kawuna a Glenwood, Baba. Da limaminmu."

"Su mutanen Zakaria Lahadi na ce musu. In sun tarar an riga su, wannan kuma ba ni na yi ba." Ya gyara zaman hularsa. "Gobe Asabar ina gida."